Talabijin ɗin Hajiya ya ƙi kamawa: a kai gyara ko a haƙura a sayi sabo?

Ɗan_Fagge:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin masu sani. Akwai tsohon talabijin a ɗakin mahaifiyarmu, irin mai doron nan, inci 21. Marigayi mahaifinmu ne ya saye shi tun ina firamare, yanzu kuwa 'yata ta fari ce take firamaren. Shekaranjiya da daddare aka ɗauke wuta, can wajen sha ɗaya aka dawo da ita da wani irin ƙarfi, har ƙwan tsakar gida ya yi haske fau ya mutu. Da safe Hajiya ta danna, shiru. Ko 'yar jar fitilar nan ta gaba ba ta kawo ba. Na canza soket, na sa sabon batir a rimot, na danna maɓallin jikinsa, ko motsi. Ƙanina da ke Fatakwal ya ce a ba 'yan gwangwan kawai, mu haɗa kuɗi mu saya mata filasma. Ita kuma Hajiya ta ce nata take so. To irin wannan yana gyaruwa kuwa, ko asarar kuɗi zan yi?

Sarkin_Zolaya:
Wa alaikumus salam. Allah ya ji ƙan Baba. Amma Ɗan Fagge, ma'aikacin gwamnati ma shekara 35 yake yi a sallame shi. Ku biya bawan Allah nan haƙƙinsa ya je ya huta.

Maman_Walida:
Amin. Ni dai ina bayan Hajiya. Ku maza ba kwa gane irin wannan. Ba hoton ne abin ba, wanda ya sayo ne. Lokacin da muka canza wa kakarmu nata ba da saninta ba, wata guda ba ta kunna sabon ba. Ta ce rimot ɗin maɓallai sun yi masa yawa kamar kwamfutar banki. Ƙarshe yara ne suka gaje shi, ita ta koma rediyo. A fara kai shi gyara tukuna, in mai gyara ya ce ba rai, sai a lallaɓa ta.

Mai_Gyara_TudunWada:
Ɗan Fagge, sana'ata ke nan, shekarata 19 a kanta a nan Kaduna. Yadda ka ba da labarin, ni a wurina alama ce mai daɗi. Talabijin da ya mutu murus, ba jar fitila, ba ƙara, kuma bayan wuta ta zo da ƙarfi, galibi matsalar a ɓangaren shigar wuta take. Wannan ɓangaren shi ne mafi sauƙin gyara, kayansa kuma ana samu.

Ga yadda abin yake tafiya. Wutar gida bolt 230 ce. In ta shiga, sai ta bi ta fiyus, ta bi ta wasu dayod guda huɗu, ta taru a wata babbar kafasita, a nan ta kai bolt 300 da ɗoriya. Daga nan wani tiransista ko IC yake rarraba ta ga sauran sassa. In wuta ta yi yawa, ɗaya daga cikin waɗannan ne yake ƙonewa, sai fiyus ya yanke don ya tsare sauran. Wani lokaci a yi sa'a fiyus ɗin ne kaɗai, amma ba kasafai ba. Fiyus ba ya ƙonewa haka kawai, akwai abin da ya kashe shi.

Da a ce jar fitilar tana kawowa, kana jin wani "kyat, kyat, kyat" daga baya, to da na ce maka tiransistan layi ne ko filayibak, wato tiransifoman da ke ba gilashin wuta. Wannan ya fi tsada, kuma na asali ya yi wuya yanzu.

Ka sunkuya ka shinshina ta ramukan bayansa. Kana jin ƙauri?

Ɗan_Fagge:
Na shinshina yanzu Injiniya. Akwai ɗan ƙauri kamar an ƙona roba, amma ba sosai ba.

Abu_Hanif:
Ni ban ga abin kai wa mai gyara ba. Sukurori shida ne a baya. Ka kwance, za ka ga fiyus ɗin kusa da inda waya ta shiga, ɗan gilashi ne kamar guntun alli. In ya yi baƙi ka naɗe shi da takardar cikin kwalin sigari ko siririyar waya ka mayar. Haka muke yi wa rediyon gidanmu tun muna yara.

Mai_Gyara_TudunWada:
Abu Hanif, don girman Allah ka janye wannan maganar kafin wani ya gwada. Rediyo mai batir daban, wannan daban.

Na farko, in ka ɗaure fiyus da waya, ka cire mai gadi ke nan. Abin da ya ƙona shi yana nan, sai wutar ta wuce ta cinye fanel ɗin gaba ɗaya, ko ta tashi gobara a ɗakin tsohuwa. Aikin dubu kaɗan ya koma ba gyara.

Na biyu, mai doro yana riƙe wuta ko an zare shi daga soket. Jar wayar nan mai kauri da ta manne a jikin gilashin da wata roba kamar ƙoƙon shayi, in yana aiki tana ɗauke da bolt wajen 25,000. Gilashin yana iya ajiye caji kwana da kwanaki. Babbar kafasitar ma haka, musamman irin wannan da ya mutu bai samu inda zai sauke ba. Mu kanmu sai mun sauke cajin kafin mu sa hannu. Kuma ba ma mayar da fiyus kai tsaye. Ƙwan fitila mai zare, wat 60 ko 100, muke jonawa a gurbinsa. In ƙwan ya yi haske ya tsaya, akwai sauran matsala. In ya yi haske ya dushe, hanya ta buɗe. Ƙwan ne yake shanye dukan maimakon kayan mutane.

Bazazzagiya:
Hhhh Injiniya ka tuna min. Maigidana ya taɓa cewa shi zai gyara namu, wai ya kalli yadda ake yi a YouTube. Ina kicin na ji "Innalillahi!" da ƙarar faɗuwar kujera. Na fito na tarar da shi a zaune a ƙasa, sukundireba a can bakin ƙofa, gwiwar hannunsa ta daki bango ta fashe. Ya ce min ba komai, santsi ne. Har yau in yara suna son tsokanarsa sai su ce Abba santsi. Garin neman gira saura kaɗan a rasa ido.

Abu_Hanif:
To na janye. Amma dai ni ban taɓa ganin wanda talabijin ya kashe ba.

Ɗan_Sola:
Ni ina tare da ƙaninka. Ku bar batun tausayi, ku duba cin wuta. Mai doro inci 21 yana jan wat 70 zuwa 90. LED inci 32, irin siririn nan da ake ce wa filasma, wanda ya fi shi faɗi nesa ba kusa ba, wajen wat 40 yake ci, wani ma bai kai ba. Ga zafi da mai doro yake fitarwa, ga cin wuri. Akwai ma ƙanana masu aiki da bolt 12 kai tsaye daga batir, ko inbata ba sa buƙata. Ka haɗa wa Hajiya ɗan faranti ɗaya na sola da batir, ta yi kallonta ko an kawo wuta ko ba a kawo ba.

Malamin_Lissafi:
Ɗan Sola, mu yi lissafin a fili. A ce tsohon wat 80, sabon wat 40. Bambanci wat 40. In ana kallo awa 5 kullum, wat-awa 200 ke nan a rana, yunit 6 a wata. Ko a Band A kake, wato rukunin da ya fi biyan kuɗin wuta da tsada, inda aka kai yunit naira 225 a Afrilun 2024 kafin a ɗan sauko da shi wajen 209, abin da za ka rage bai wuce naira 1,300 a wata ba. A shekara wajen dubu 15. In a ce dubu 150 ka sayi sabon, shekara goma kafin ya mayar da kuɗinsa ta hanyar wuta. Kai kana ganin na yanzu zai kai shekara goma?

Sarkin_Zolaya:
Malam, wutar awa biyar a rana? A wace ƙasar ka yi wannan lissafin?

Ɗan_Sola:
Malamin Lissafi na yarda da kai in wutar gwamnati ce. Amma a kan batir labarin ya canza. Batir mai amfiya 100, in ba ka son kashe shi da wuri, rabinsa kawai za ka ci, wajen wat-awa 600. Mai doro zai shanye wannan cikin awa 7 ko ƙasa da haka, LED ya kai ka ninki biyu. Sannan lokacin kunna mai doro akwai wani "dummm" da yake yi, yana fizgar wuta da yawa a daƙiƙar farko. Ƙaramar inbata sai ta yi ƙara ta kashe kanta. Na sha ganin haka a gidajen da na yi wa aiki.

Damagaram_77:
Salamu alaikum ƴan uwa. Nan wajenmu a Damagaram abin da Ɗan Sola ya faɗa shi ya faru. Kuran ɗinmu, wato wutar lantarki, daga Najeriya yake zuwa ta layin Katsina. Da aka yanke shi a watan Agustan 2023, mutane da yawa suka koma sola, kuma duk mai tsohuwar tele sai ya ga ba ta tafiya da ƙaramin batir. Ni tawa lafiyarta lau na ajiye ta, na sayi ƙarama mai bolt 12. Da kuran ya dawo na so in sayar da tsohuwar, wanda ya fi kowa tayi jikka biyu ya ce, wato sefa dubu biyu. Na bar ta, yanzu tebur ce, a kanta ake ɗora butar shayi.

Tsohon_Ma'aikaci:
Ɗana Ɗan Fagge, kafin gyara ko saye, akwai abin da ban ga kowa ya taɓo ba. Ka ce ƙwan tsakar gida ya yi haske fau ya mutu. Ka tambayi maƙwabta, su ma sun yi asara a daren? Na yi aikin lantarki shekaru masu yawa kafin in yi ritaya. Irin wannan sau da yawa ba "ful karan" ba ne kamar yadda mutane suke cewa. Wayar nutural ce, wadda wuta take komawa ta cikinta, take tsinkewa ko ta saki, a tiransifoma ko a kan fol. In ta saki, gidajen da suke kan layi daban-daban sai su zama kamar an jera su a tsakanin layi biyu, tsakanin layi da layi kuwa bolt 400 ne. Sai wani gida ya ga wuta ta yi ƙasa kamar kyandir, na kusa da shi kuma ta haura ta ƙone masa kaya. In haka ne kuma ba a ɗaure wayar ba, ko sabo fil ka kawo daga kanti, daren da ta sake sakewa shi ma zai bi sahu. Na yanzu ma sun fi saurin tafiya.

Ɗan_Fagge:
Baba wallahi kamar kana nan. Maƙwabcinmu firij ɗinsa ne ya tafi, na gaba da shi caja uku da fanka. Amma gidan da ke kallonmu sun ce su wutarsu ƙasa ta yi a daren.

Tsohon_Ma'aikaci:
To ka gani. Ku haɗu ku kai ƙorafi a zo a duba, kada wani yaro ya hau fol da kansa. Kuma ka saya wa Hajiya ɗan akwatin kariyar nan da ake sa wa firij da talabijin, mai yanke wuta in ta yi yawa ko ta yi ƙasa, ya jira ɗan lokaci kafin ya saki. Sitabilaiza tana daidaita wuta, amma ba kowacce ce take iya tare irin wannan hawan ba.

Basakkwace:
Ni dai hwa ban ga abin gardama ba. Muna da irinai gida, tun ina yaro anka sawo shi, shina nan shina aiki. Sau biyu anka kai shi gyara, duk darma ce ta saki. Filasma kuwa ukku munka saye cikin shekara shidda. Guda yaro ya jehe shi da ludayi, guda tsawa, guda haka nan ya yi duhu. Da tsohuwar zuma aka magani.

Ummu_Sudais:
Tambaya ni kuma. Ba an ce za a daina kama tashoshi da irin waɗannan tsofaffin ba? Kada a gyara a zo ba abin kallo.

Abban_Nana:
Ummu Sudais, maganar komawa dijital ce. An fara gwajin a Jos a Afrilun 2016, Abuja ta biyo baya a ƙarshen shekarar, Kano kuma sai 2021. Aikin dai ya yi ta jan ƙafa. Amma ko an kashe tsohon tsarin gaba ɗaya, ba a kashe mai doro ba. Dikoda kawai zai nema. In dai yana da ramukan nan uku, rawaya da fari da ja, shi ke nan. Abin lura ɗaya, wasu sababbin dikodoji HDMI kaɗai gare su, sai a duba baya kafin a biya.

Ɗan_Fagge:
Da ma da risiba take kallo. Tashoshinta ba su wuce uku ba: ta Makka mai nuna ɗawafi, Arewa24, sai ARTV in ana tafsiri.

Tsohon_Ma'aikaci:
ARTV da muka sani da CTV 67, zamanin Rimi. A lokacin layinmu gida biyu ne masu talabijin. Ana fito da shi tsakar gida a ɗora a kan tebur, yaran unguwa su cika tabarma, wanda bai wanke ƙafa ba a kore shi. Akwatin ma har ƙofa gare shi ta katako, da makulli. Maigida in zai fita ya kulle ya sa a aljihu.

Kwandala:
Jama'a ku tsaya. Ɗan Fagge kada ka kuskura ka ba 'yan gwangwan. Tsofaffin talabijin ɗin nan akwai jan makuri a cikinsu. Wani abokin yayana ya ce akwai masu zuwa har gida suna saye da miliyoyi. Ana gwadawa da tafarnuwa, in ka kai kusa sai ya gudu.

Malamin_Lissafi:
Kwandala, kullum abokin yayan wani ne, ba a taɓa ganin wanda ya karɓi miliyoyin da hannunsa ba. Babu wani abu wai shi jan makuri, damfara ce tsohuwa. A 2009 irin wannan jita-jitar ta tashi a Saudiyya, aka ce yana cikin tsofaffin kekunan ɗinki na Singer, mutane suka yi ta saye da tsadar hauka. Ƙarshe aka bar su da kekuna. Yadda ake cin mutane shi ne, wani ya zo ya taya kayanka da tsada, ya ce sai an biya kuɗin gwaji, ko wani ya sayar maka da tsohon akwati da sunan gobe mai saye zai zo.

Mai_Gyara_TudunWada:
Na buɗe mai doro sun fi dubu, ban taɓa ganin jan komai ba sai jar waya, sai gawar tsaka da kyankyasai. Abin da 'yan gwangwan suke so a ciki tagulla ce, wadda aka naɗa a wuyan gilashin da wadda ta zagaye shi. Gilashin kuwa akwai darma a cikinsa, shi ya sa ba a so a fasa shi a gida ko a bar yara suna wasa da ɓaraguzansa. Kuma cikinsa ba iska, in ya fashe da ƙarfi tarwatsewa yake yi.

Kwandala:
To ni dai abin da na ji na faɗa.

Hajiya_Babba_Gombe:
Ni gargaɗina a kan masu gyaran ne, Injiniya ka yi haƙuri ba da kai nake ba. Na kai nawa wurin wani, ya ce in dawo jibi. Jibi ta zama wata huɗu. Kullum "kayan bai iso daga Legas ba". Ranar da na je da ɗana muka ce a ba mu abinmu haka nan, aka fito da shi ba sifika ɗaya, an cire an sa wa wani. Ɗan Fagge in za ka kai, ka tsaya a buɗe a gabanka, ka ɗauki hoton cikin da waya, ku yi ciniki kafin ya taɓa. Kuma duk abin da ya ce ya canza, ya ba ka tsohon a hannu.

Mai_Gyara_TudunWada:
Hajiya ba ki yi ƙarya ba, akwai irinsu a cikinmu. Amma a ji ta bakinmu mu ma. Shagona yanzu haka akwai talabijin sun fi ashirin da aka gyara masu su ba su dawo ba, wani shekara uku. Na sa kuɗina na sayi kaya, ga kuɗin haya, ga ba wurin ajiya. Shi ya sa yanzu sai an ba da rabin kuɗi nake farawa. Shawararki ta ɗaukar hoto da karɓar tsohon kaya kuwa, mai gaskiya ba zai ji haushi ba.

Auwalu_Keke:
Tunda Injiniya yana kusa bari in shigo da tawa. Filasmata inci 32 tana magana amma ba hoto, baƙi ƙirin. Sikirin ne ya mutu?

Abban_Nana:
Ɗan gyara kaɗan, ba don iyayi ba. Abin da muke kira filasma yanzu ba filasma ba ne. Panasonic da Samsung da LG duk sun daina ƙera filasma ta gaskiya tun 2014. Na kasuwa yanzu LED ne. Sunan ne kawai ya zauna a baki, kamar yadda kowane garin wanki ya zama Omo.

Mai_Gyara_TudunWada:
Auwalu, ka kunna shi da daddare, ka kashe fitilar ɗaki, ka haska tocilar waya dab da gilashin ta gefe. In ka hango hoton yana motsi dishi-dishi, sikirinka lafiya lau, fitilun baya ne suka mutu. A jere suke, in ɗaya ya ƙone sai duk layin ya ɗauke. Ana canza su. Ka ce a canza duka, kada a yi maka ɗaiɗai, don sauran ma sun gaji. In an gama ka shiga saiti ka rage hasken baya, kada ka bar shi a 100, shi yake cinye su.

Wannan ma amsa ce ga masu cewa a sayi sabo a huta. Sabon ma yana zuwa wurinmu. Bambancin, mai doro ana bin sa ƙwaya-ƙwaya a canza abin naira ɗari biyar. Na yanzu sau da yawa fanel guda ake cirewa a sa wani. In kuwa gilashin ne ya fashe, kuɗinsa ya kusa na sabo, sai haƙuri.

Auwalu_Keke:
Allahu Akbar, na haska, ga mai karanta labarai nan ina ganinsa kamar aljani. Na gode Injiniya.

Ɗan_Sola:
In kuɗi ne matsalar akwai na hannu, 'yan Beljiyam. Ana samun masu kyau a Sabon Gari.

Maman_Walida:
Beljiyam kuma? Ai gara tsohon da ka san tarihinsa da tsohon da ba ka san gidan da ya fito ba. Mu mun saya, a shago ya yi kyau, sati biyu wani layi ya fito a tsakiya daga sama har ƙasa. Muka koma aka ce garantin kwana bakwai ne.

Ɗan_Fagge:
Jama'a na dawo da labari. Yau da safe na ɗora shi a Adaidaita, ni da yaron maƙwabta muka ɗauka don nauyinsa ba wasa ba. Na bi shawarar Hajiya Babba, a gabana aka buɗe. Ƙura a ciki ta yi kauri kamar bargo, sai da ya hura ta da bulowa muka fita waje muna tari. A jikin murfin ta ciki akwai rubutun alli na wani mai gyara, ya sa 2009. Ni ban ma san an taɓa gyara shi ba, ashe Baba ya taɓa kai shi.

Kamar yadda Injiniya ya faɗa, fiyus ya yi baƙi, babbar kafasitar ta kumbura ta tsage ta sama, IC ɗin wuta shi ma ya tafi. Ya ciro wasu daga wani mataccen fanel ya sa, ya jona ƙwan fitila, ƙwan ya yi haske ya dushe. Ya kunna, sai ga jar fitila. Wallahi sai da na ji wani abu a raina.

Amma ga inda gizo ke saƙar. Hoton ya daɗe kafin ya fito, da ya fito kuma ya yi duhu, fuskokin mutane sun yi kore-kore. Na tuna da ma haka yake yi kwanan nan, mun saba ne ba mu lura ba. Ya ce gilashin ne ya tsufa. Ya ce aikin wuta dubu tara, zai riƙe. Gilashi kuwa ba ya ba da tabbas, zai iya shekara biyu, zai iya wata uku.

Mai_Gyara_TudunWada:
Mutumin nan ya gaya maka gaskiya, ka riƙe shi. A wuyan gilashin akwai bindigogi uku masu fitar da launukan hoton, ja da kore da shuɗi. In hoto ya koma kore, jan ne ya fi gajiya. Ana iya daidaita su kaɗan, a ɗan ƙara haske ta jikin filayibak, amma in aka matsa sai fararen layuka su fito. Akwai masu ƙara wa hitar gilashin wuta don hoto ya yi kyau a gaban mai kaya, wannan kuwa kashe shi yake yi da wuri, kada ka yarda. Da fanel ne ya lalace gaba ɗaya, akwai na Chana da ake dasawa a kowane mai doro. Gilashi kam ba sabo. Sony ma tun 2008 ta daina yin nata mai doron, Trinitron. Sai dai a samu wani mataccen inci 21 mai lafiyayyen gilashi a yi musanya, in ya dace da naka.

Ɗan_Sola:
To kun ji. Dubu tara a kan abin da zai iya mutuwa bayan wata uku. Ka ɗora ta a kan kuɗin sabo.

Basakkwace:
Ko kuma shi yi shekara biyu. Kai wata ukkun kaɗai ka ji?

Malamin_Lissafi:
Ko wata shida ya yi, naira 1,500 ke nan a wata. Kuɗin data na sati bai kai ba? Ni a wurina a biya, a fara tara na sabon a hankali, ba a fafe gora ranar tafiya.

Ummu_Sudais:
Amma ku duba idon tsohuwa. Hoto mai duhu yana wahalar da ido, ga shekaru. Mahaifiyata sai da muka canza mata sannan ta ce ashe rubutun ƙasan nan ana iya karanta shi.

Ɗan_Fagge:
Na kira ƙanina, ya ce shi ba zai sa sisi a gyara ba amma zai turo rabin kuɗin sabo ƙarshen wata. Na gaya wa Hajiya, na ce mata sabon a bango ake maƙala shi, siriri ne kamar faranti. Ta yi shiru, sai ta ce to agogon Alhaji da hotonsa da carbinta a kan me za ta ɗora su? Tun da aka fita da shi ta ninke ƙyallen da take rufa masa ta ajiye a kan teburin, ba ta bari a ɗora komai a wurin.

Sarkin_Zolaya:
Shi ke nan an samu mafita. A bi tsarin Damagaram: sabo a bango, tsoho a ƙasa yana riƙe agogo.

Maman_Walida:
Zolaya kai dai ba ka da dama. Ɗan Fagge ka biya dubu taran nan ka mayar mata da abinta kafin Juma'a. Maganar sabo ku bari sai ita ta ce hoton ya dame ta.

Tsohon_Ma'aikaci:
Duk wanda kuka zaɓa, an zo an duba wayar nutural ɗin kuwa? Kuma damina ta kusa. In hadari ya haɗo a zare filogi, a zare wayar dish ma, don tsawa ta nan ta fi shigowa.

Ɗan_Fagge:
Ba a zo ba tukuna Baba, mun dai kai ƙorafi mu huɗu, an ce mu saurare su. Na ba mai gyara dubu biyar, ya ce in ba shi zuwa Asabar zai leƙa wurin 'yan gwangwan ko zai dace da gilashi. Injiniya, in ya samu, ta yaya zan gane mai sauran rai ne tun kafin a ɗaura?